Sauro Ɗan Ɗiban Wuta Ne

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, duk wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashua ya yada zango a Jajimaji zai ji magana ɗaya a bakin mutane: "Bana sauro ya yi yawa." Mai shayi zai faɗa, direba zai faɗa, haka ma matar da ke tsaye a bakin kemis goye da yaro jikinsa rau da zafi. Gaskiya suka faɗa, amma ba su kai ƙarshenta ba. Yawan sauro shi kaɗai ba ya kwantar da kowa. Sauron da ya fito daga ruwa yau, ya shanya fiffike ya tashi, cikinsa wayam yake, ba ya ɗauke da ƙwayar maleriya. In ya cije ka, iyakarta ƙaiƙayi da ɗan kumburi. Ba ya zama abin tsoro sai ya fara shiga wani gida ya ɗebo abin da zai kai wani gidan. To, a gidan wa yake ɗebowa?

Waɗanda suka tashi a ƙauyukan Karasuwa da Bade tun ashana ba ta zama ta kowa ba sun san ɗiban wuta, kuma har yanzu ana yi a wasu unguwanni. Da asuba uwar gida za ta tona murhu ta tarar ya mutu murus. Sai ta leƙa ta saman danga ta duba inda hayaƙi ke tashi, ta miƙa wa 'yarta tsingaro. Yarinya ta je ta yi sallama: "Wai in ji Inna, a sam mata wuta." Daga ciki a ce, "Shigo 'yar nan, ɗebi, ki bi a hankali kada ki zubar." Ta shimfiɗa toka a ƙasan tsingaro, ta ɗora garwashi biyu ko uku, ta kare da tafin hannu saboda iska, ta kamo hanya tana tafe tana hurawa. In hanya ta yi nisa, ko ta tsaya wasa, garwashi ya mutu, tafiya ta zama ta banza. In ta iso da shi da rai, uwa ta karya kara ta ɗora, ta yi fifita, nan da nan wannan gidan ma ya fara hayaƙi, gida na uku ya hango ya aiko tasa yarinyar. Kafin hantsi unguwa duka ta ɗora tukunya. Kuma in ka bi sawu, sau da yawa wutar gida ɗaya ce: na wata tsohuwa da ta binne ƙaton gungume cikin toka kafin ta kwanta. Da ka wuce ta madafarta cikin dare ba za ka ga haske ba, ba za ka ga hayaƙi ba, sai ka rantse wutar ta mutu.

Haka zazzaɓin cizon sauro yake zaga gari, sai dai waccan wutar roƙonta ake yi, wannan kuwa ba wanda ya aika a ɗebo masa. Sauro shi ne mai tsingaro. Wutar ita ce ƙwayar cutar da likitoci ke kira falsifarum, wadda ta fi kowace irinta kisa, kuma ita ce ta fi yawa a ƙasarmu. Murhun da take kwana a ciki kuwa jinin mutum ne.

Ba kowane sauro ke wannan aiki ba. Namiji bai taɓa cizon kowa ba, ruwan furanni yake sha. Mace ce ke neman jini, don sai da shi ƙwanta ke nuna. Takan zuba ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, bayan kwana 2 ko 3 ta sake fitowa neman wani jinin. A cikin matan ma, irin da ake kira anofilis ne kawai ke ɗaukar maleriya. In ka haska bango da tocila cikin dare za ka iya gane ta: sauran sukan zauna a kwance da bango, ita kuwa kanta a ƙasa, bayanta a ɗage sama. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, da warin gumi, da ɗumin jiki, su ke kawo ta har kan mai barci. Tana sauka sai ta soka siririn bakinta tana lalube har ta dace da jijiya, ta fara tofa yawunta domin kada jinin ya daskare ya toshe mata baki. Wannan yawun shi ke sa ƙaiƙayi, kuma a cikinsa garwashin yake. Ba jinin wani take zuba maka ba, shi ya sa cuta mai karya garkuwar jiki ba ta bin cizon sauro, duk da mutane da yawa na jin wannan tsoron.

Abin da ya shiga jiki ɗan kaɗan ne, ido ba ya gani. Yakan bi jini ya zarce hanta ya yi likimo kusan mako guda, mutum na ta harkarsa, yana noma, yana cin kasuwa, bai san an ajiye masa komai ba. A wannan makon ƙwaya ɗaya takan hayayyafa ta zama dubbai masu yawa. Daga nan su fashe su bazu cikin jini, kowace ta kutsa cikin jan ƙwayar jini ɗaya ta zauna tana cin abin da ke ciki. Bayan awa 48 ta mai da kanta goma sha wani abu ko fiye, ta fasa ɗakin da ta cinye, 'ya'yanta su faɗa wa na kusa. Wannan fashewar ce ke kawo rawar ɗari da mutum zai ce a lulluɓe shi da bargo rana tsaka, sai zafi, sai gumi ya karyo ya ji kamar ya warke, jibi abu ya dawo. Wuta ba ta da abincin kanta, itacen gidan da ta sauka take ci, kuma haka wannan halitta take: ba ta iya rayuwa a ƙasa ko a ruwa ko a iska, sai a jikin wani. Jinin da yaro ya tara daga nonon uwa da kunu da tuwo shi take ƙonawa. Shi ya sa in ka ja fatar idon yaron da zazzaɓi ya nanata masa za ka ga ta yi fari fat, tafin hannunsa ma haka, cikinsa ya ɗan fito ta hagu saboda saifa ta kumbura da aikin kwashe matattun ƙwayoyin jini.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Wasu daga cikin ƙwayoyin ba sa ci gaba da fashewa. Sukan rikiɗe su zama maza da mata, su yi ta yawo cikin jini ba sa sa zazzaɓi, ba sa yin komai, jiran sauro kawai suke yi. Ranar da ta zo ta zuƙe su, a cikin cikinta suke haɗuwa, su yi ƙunshi a bangon tumbinta, ƙunshin ya girma ya fashe, dubban 'ya'ya su gangara zuwa inda yawunta ke taruwa. Wani likita Bafaranshe mai suna Laveran ne ya fara ganin ƙwayar a jinin mutum a Aljeriya cikin 1880, sannan Ronald Ross, Baturen Ingila, ya gan ta manne a tumbin sauro a Indiya ranar 20 ga Agusta, 1897. Kafin nan Turawa ma iskar fadama suke zargi, kamar yadda har yau wasunmu ke zargin sabuwar masara ko ɗanyen mangwaro ko dukan ruwan sama.

Wannan tafiya daga tumbi zuwa yawu tana cin kwana 10 zuwa 14 a irin zafin ƙasarmu, kuma a nan raunin cutar yake. Yawancin sauro ba sa kaiwa wannan tsawon rai. Iska, da tafi, da ƙadangare, da bushewa suna gamawa da su a hanya. Sai tsohuwar sauro, wadda ta sha jini sau uku ko huɗu ta tsira, ita ce ke isa da garwashi da rai. Wanda ya gane wannan ya gane amfanin gidan sauro mai magani. Aikinsa ya wuce shinge. Mai barci a ciki shi ne ke janyo ta, ta zo ta sauka a kan raga tana neman ƙofa, maganin ya taɓa ƙafafunta, ta mutu kafin kwanakin su cika. Wato gidan sauron da ka ɗaura a ɗakinka yana rage wa maƙwabcinka cizo mai cuta, ko da shi bai ɗaura ba. In unguwa duka ta ɗaura, tsofaffin sauro sai su yi ƙaranci a unguwar. Abin da ke ci mini rai shi ne ganin wannan raga an kewaye yabanyar tumatir da ita, ko an rufe 'yan tsaki, ko an ja ta cikin tafki ana kamun ƙananan kifi, alhali yara na kwance a tabarma a tsakar gida.

Yanzu mu koma ga tsohuwar nan mai gungume a cikin toka, don ita ce zuciyar maganar. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙona rairayin Karasuwa, tafkuna sun ƙafe, sauro ya yi wuyar gani a garuruwan da ke nesa da kogi. Ina cutar take a waɗannan watanni? Tana jikinmu. Babban mutum da ya tashi a nan, ya sha zazzaɓi tun yana goye har jikinsa ya saba, yakan iya ɗaukar ƙwayar wata da watanni ba tare da ya kwanta ba. Haka ma yaran da suka tasa, 'yan makarantar boko da almajirai. Binciken da aka yi a ƙauyen Kalifabugu na ƙasar Mali, aka buga a 2020, ya nuna yadda ƙwayar ke ƙanƙan da kanta da rani, ta zauna kaɗan-kaɗan a jini yadda ba za ta tayar da zazzaɓi ba, har ruwa ya sauka. Saboda haka magidancin da ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana cewa, "Ni sauro ba ya yi mini komai, a ba yara gidan sauron," ya yi niyyar alheri, amma ya bar murhu a buɗe. Shi ba za a yi masa komai ba, daga jikinsa za a ɗiba. Sauron da ya kwana a kansa yau, bayan mako biyu yana iya zama shi ne zai sami jaririn amaryarsa lokacin da aka fito da shi shan iska bayan isha'i.

Ba zato nake yi ba, an gwada wannan a kusa da mu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban aiki a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Masana maleriya a duniya har gobe suna komawa ga abin da aka rubuta a kansa. Sun tarar a wasu ƙauyuka mutum ɗaya yakan sha cizo mai ɗauke da cuta sama da 100 a shekara. Suka feshe ɗakuna da maganin ƙwari damina biyu a jere, a wasu ƙauyukan suka haɗa da raba wa kowa magani, babba da yaro. Inda aka haɗa biyun cutar ta yi ƙasa sosai, mutuwar jarirai ta ragu. Amma cutar ba ta mutu ba. Wasu sauron a waje suke hutawa, feshi bai same su ba. Wasu mutanen sun yi tafiya ranar rabo, baƙi kuma na shigowa. Da aka janye aikin, sannu a hankali ta koma yadda take. Garwashi kaɗan da ya rage ya isa.

Mu kuma a wannan yanki Allah ya ba mu ruwa, kuma da shi muke ci. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru kafin su haɗu su wuce Gashua da sunan Komadugu Yobe. Shinkafa, kifi, kiwo, noman rani, duk daga nan ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja, ciyawar kacalla ta cika hanyoyinsa, ya riƙa kwanciya a wuraren da a da yake wucewa. Ruwan da ya kwanta cikin ciyawa gida ne ga wani irin anofilis da ke jimawa bayan damina ta ɗauke, shi ya sa mutanen bakin fadama ba sa samun hutun da na tudu ke samu. Ba wanda zai ce a ƙafar da fadama, kuma ba wanda zai ce manomi ya bar shinkafarsa. Amma a cikin gari irin Jajimaji, ruwan da ya fi haifar mana da masu ɗiban wuta ba shi da wani girma: kududdufin da aka haƙa don yin tubali, sawun shanu a bakin rijiya, wurin da taya ta kwarɓe a hanya, malalar da ke gindin famfo. Anofilis ta fi son irin wannan ruwa marar zurfi da rana ke duka. Ka durƙusa ka duba, za ka ga 'yan tsutsotsi kwance a saman ruwan, da inuwarka ta faɗa kansu su yi wutsil su nutse. Cikin mako guda ko kwana 10 sun yi fiffike. Shebur biyu na ƙasa ya isa ya rufe wasu daga cikin waɗannan ramuka.

Baƙin ruwan kwata kuma wani sauron yake haifarwa, mai yawan kuka a kunne, wanda ba ya ɗaukar maleriya. A ƙauyukanmu anofilis ɗin dai ita ke kai tsutsar tundurmi da gwaiwa daga jiki zuwa jiki, wani mai zanen fari a ƙafa da ke cizo da rana kuma shi ke kai zazzaɓin shawara, wanda allurar rigakafi ɗaya ke tsare mutum daga shi. Hanyar duk ɗaya ce, daga jinin wani zuwa jinin wani.

Wa wutar ta fi ci? Inda ta sami busasshen kara. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 jikinsa bai koyi faɗa da ita ba, kwana biyu ya isa ta kai shi ga jijjiga, ko suma, ko jini ya ƙare har numfashi ya gagara. Mai juna biyu, musamman cikin fari, ƙwayar takan taru a mabiyiya ta tare abincin ɗan tayi, a haife shi ƙarami, ko cikin ya zube, ita kuma uwa ta shiga naƙuda da ƙarancin jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2022 maleriya ta kashe mutum kusan 608,000 a duniya, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na waɗannan a Najeriya ne. Mafi yawansu ƙananan yara. An sami sauƙi, dole a faɗa: binciken ƙasa ya nuna yaran da ake samun ƙwayar a jininsu sun ragu daga kashi 42 cikin 100 a 2010 zuwa kashi 22 a 2021. Amma uwar da ta rasa ɗa a watan Satumba ba za ka lallashe ta da lissafi ba. Kuma abin takaici, sau da yawa in yaro ya fara jijjiga sai a ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya turare da shafe-shafe, ba a nufi asibitin Gashua ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ba sai ya daina karɓar nono. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota.

Sannan ga yayyafa wa wuta ruwa a tafi a bar ta. Maganin da ake bayarwa yanzu, tun da Najeriya ta bar kulorakwin a 2005 saboda ƙwayar ta daina jin sa, haɗi ne da ake sha sau 6 cikin kwana 3, kuma ya fi aiki in an bi shi da nono ko abinci mai maiƙo. Tun a rana ta biyu mutum yakan ji garau, sai a ɗaure sauran a bakin zane a ce, "A ajiye wa ƙaninsa, ai shi ma zai yi." Na san talauci ne ke sa wannan, ba ganganci ba. Amma sakamakonsa shi ne yara biyu da ba wanda ya warke a cikinsu, da ƙwayar da ta ɗanɗani magani ta tsira. Gwajin yatsa kuwa minti 15 zuwa 20 ne. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, kuma shan magani da ka yana ɓata kuɗi ya bar ainihin ciwon yana ci. Ko bayan an warke, waɗancan maza da matan da ke jiran sauro sukan ɗan jima a jini, don haka marar lafiya da wanda ya tashi daga ciwo su ne na farko da ya kamata a sa a gidan sauro.

Rigakafin damina da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 saboda ƙasashe irin namu ne, inda cutar ke zuwa da lokaci. Masu rabo suna bin gida-gida sau ɗaya a wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba, suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsu, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Inda aka yi shi yadda ya kamata, gwaje-gwaje sun nuna yana tare kusan uku cikin huɗu na zazzaɓin da yaro zai yi. Allurar rigakafin maleriya ma an fara ta a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, amma ƙari ce a kan gidan sauro da magani, ba madadinsu ba.

In wani ya ce ai sauro ba ya ƙarewa, gaskiyarsa, amma ba sai ya ƙare ba. Masar tana da kogin Nilu da gonakin shinkafa, tana da sauro har yau, kuma a Oktoba 2024 aka tabbatar ta rabu da maleriya. Aljeriya, inda aka fara ganin ƙwayar, ta rabu da ita a 2019, Sin a 2021. Sauronsu na cizo, sai dai ba ya samun abin ɗiba. Sun kai nan ne da shekaru masu yawa na bin kowane mai zazzaɓi da gwaji da cikakken magani, kuma wannan aiki ne na hukuma da kuɗinta; muna da haƙƙin mu nemi a kai gwaji da magani na gaske kowane ƙaramin asibiti a Karasuwa da Bade da Nguru kafin damina ta faɗi, ba bayan yara sun fara kwanciya ba.

Amma malam maigida, naka ba sai ka jira kowa ba. Ka shiga gidan sauro kai ma, ko a ɗaki ko a tsakar gida, ka ɗinke inda ya yage. In jikinka ya yi ɗumi ka je a gwada, in an same ta ka shanye maganin duka. Ka bar mai ciki ta je awo ta karɓi nata rigakafin, ka buɗe wa masu rabon damina ƙofa, washegari ka tambayi uwar yara ko an ba su na biyu. Yaron da ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya ci, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.